Fodkas na iyali kan rayuwar yara masu tasowa: wane yaro ya dace da shi, wane ne bai kai ba?

Da zarar an ce shiri na iyali ne, yawancin iyaye sukan saki jiki. Uwa ta ga hoton wata mata da 'yarta suna dariya a fuskar shirin, ta karanta cewa hira ce kan rayuwar yara 'yan shekara 9 zuwa 12, sai ta miƙa wa ɗanta waya ta koma kan aikinta. Ba za a ce ta yi sakaci ba, tunda abin da aka rubuta ta bi. Inda gizo ke saƙar shi ne, a harkar fodkas, wato shirye-shiryen sauti da ake saurara ta intanet, mai shirin da kansa ne ke zaɓar sashen da za a ajiye shirinsa, shi ne kuma ke faɗa ko akwai kalaman manya a ciki. Babu hukumar da ke zama ta saurara ta yanke shekarun da suka dace, irin yadda ake yi wa finafinai a ƙasashe da dama. Ƙaramin harafin E da ake gani a gefen wasu shirye-shirye a Apple Podcasts da Spotify daga bakin mai shirin ya fito, kuma ashar ko batsa yake nunawa. Rashinsa ba shaida ba ce cewa don yara aka yi shirin.

Sashen yara da iyali na Apple Podcasts ɗin ma rumfa ce mai faɗi. Tun gyaran da Apple ya yi wa sassansa a 2019, rassa huɗu ne a ƙarƙashinsa: ilimi don yara, labarai don yara, dabbobi, da tarbiyya. Reshen tarbiyya na iyaye ne. Don haka labarin kwanciya barci na ɗan shekara 4 da hirar likitan ƙwaƙwalwa kan yaran da ke yanka jikinsu suna iya zama maƙwabta a shafi ɗaya, dukansu babu harafin E. Kafin a ce shiri ya dace ko bai dace ba, sai an fara sanin da wa yake magana.

Iri uku masu amsa suna ɗaya

Akwai shirin da ke magana a kan yaran amma da iyaye yake. Gane shi ba ya wuce minti biyu: ku kasa kunne ku ji wa ake kira. Idan mai magana na cewa "idan 'yarku ta fara kulle ƙofar ɗaki", da ku ake. Idan yana cewa "idan ƙawarki ta daina yi miki magana", da yarinyar ake. Irin na iyaye yakan gayyato masana halayyar yara, malamai da likitoci, a tattauna hotunan batsa da yara ke cin karo da su a waya, baƙon da ke lallaɓar yaro ta cikin wasan intanet, yarinyar da ke horar da kanta da yunwa don tsoron ƙiba, ko yadda mutuwar aure ke taɓa 'ya'ya. Harshe tsaf, babu ashar, amma nauyin maganar na manya ne.

Ko da an ci sa'a batun ranar mai sauƙi ne, akwai wata illar da ba a cika lura da ita ba. Yaro yana zaune a kujerar bayan mota yana jin manya biyu suna tattauna irinsa kamar wata cuta da ake neman maganinta: suna da taurin kai a waɗannan shekarun, ƙwaƙwalwarsu ba ta gama nuna ba, kada ku biye musu. Ba zai ce uffan ba, amma ya ji. Ya kuma ji dabarun. Gobe idan kuka sassauta murya kuka ce "ina jin ka, ci gaba", ya san daga wane shiri kuka ɗauko ta. Wannan iri na kunnenku ne ku kaɗai, kuma yana da amfani sosai a haka.

Akwai kuma wanda aka gina don yara tun daga tushe. But Why na gidan rediyon jihar Vermont a Amurka misali ne: yara ke aiko da tambayoyi da muryarsu, mai gabatarwa Jane Lindholm ta nemo masanin da zai amsa. Haka Brains On!, inda Molly Bloom kan gabatar tare da yaro. Irin waɗannan a tsare suke, an tace su, an san kunnen da za su shiga, don haka hankalin iyaye ya fi kwanciya da su. Sai dai kimiyya da tambayoyin duniya suka fi taɓawa. Ba kasafai za su zauna kan zafin ƙawancen da ya lalace ba, kuma ɗan shekara 12 yakan fara yatsina fuska ya ce na yara ne.

Na ukun shi ne ainihin abin da ake tambaya a kai: uwa ko uba, wani lokaci duka biyun, su zauna da ɗansu ko 'yarsu mai shekara 10 ko 11 gaban makirfo, su yi hirar makaranta, abokai, canjin jiki, waya, faɗa da ƙanne, jarrabawa. Shi ne ya fi daɗin ji, shi ne kuma ya fi wuyar yanke wa hukunci, domin ƙafarsa ɗaya tana wajen yara ɗaya tana wajen manya.

Abin da yake bayarwa

Babbar ribarsa muryar tsara ce, abin da babu babban da zai iya bayarwa komai hikimarsa. Ku ɗauki yarinya 'yar shekara 11 da ta dawo daga makaranta fuska a murtuke, kun tambaya ta ce ba komai. Sai ta ji wata sa'arta a shiri tana ba da labarin yadda ta je zama a wurin da suka saba zama lokacin tara, ta tarar an ɗora jaka a kan kujerar, ƙawayen kuma kowa ta sunkuyar da kai kamar ba ta gan ta ba. Uwa za ta iya cewa "ni ma an yi mini haka", amma a kunnen yarinya wannan tarihi ne. Wadda ke cikin shirin kuwa a makon jiya abin ya same ta, muryarta ma ba ta gama daidaita ba.

Haka batun jiki. Likitoci sun nuna balaga kan fara tsakanin shekara 8 zuwa 13 ga 'yan mata, 9 zuwa 14 ga maza. Tazarar shekara biyar kenan, kuma duk lafiya ce. A aji ɗaya sai a samu wadda ta fara al'ada da wadda har yanzu jikinta na yarinta ne, yaron da muryarsa ta fashe da wanda bai ƙara ko taƙi ɗaya a tsawo ba. Kowannensu yana ganin shi ne bare. Jin wani yaro yana dariyar ƙurajen fuskarsa ko warin hammatarsa, mahaifinsa kuma bai mai da abin tashin hankali ba, yana sauke wani nauyi da nasiha ba ta saukewa.

Sannan sauti ne, babu fuska. Kunya a ido take. Yaron da ba zai iya kallon mahaifiyarsa ya tambaye ta wani abu game da kansa ba, zai iya tambaya game da yarinyar cikin shirin alhali idonsa na kan taga: "Mama, da gaske ne abin da ta faɗa?" Duk ku biyun kun san wa ake nufi, babu kuma wanda ya tilasta wa wani ya faɗa. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa iyali su gwada irin wannan shiri. Iyayen ma sukan ƙaru, domin jin wani uba yana cewa "ban fahimce ki ba, sake faɗa mini" maimakon ya yanke hukunci, darasi ne da ba a shirya shi a matsayin darasi ba.

Inda ake tuntuɓe

Abin da iyaye suka fi mantawa shi ne yaron cikin shirin yana girma. An fara shirin tana da shekara 10, ana hirar aikin gida da kishin ƙanwa. Bayan shekara uku ta kai 13, hira ta koma saurayi, shafukan sada zumunta, wa ya tura wa wa hoto. Hoton fuskar shirin bai canza ba, bayanin da ke ƙarƙashinsa ma yana nan yana cewa rayuwar 'yan 9 zuwa 12. Manhajoji kuwa galibi sabon kashi suke ɗorawa a sama, shi suke turo wa wanda ya bi shirin. Sai ɗanku mai shekara 9 ya danna na farkon da ya gani, ya faɗa tsakiyar rayuwar 'yar shekara 13. Wannan ba laifin kowa ba ne, haka tsarin yake. Maganinsa shi ne a juya jerin a faro daga tsofaffin kashi, a kuma tsaya idan yaron cikin shirin ya girmi naku da fiye da shekara ɗaya ko biyu. Ragowar ba za su gudu ba, zai tarar da su.

Hirar kuma ba rubutacciya ba ce, wanda shi ne daɗinta, shi ne kuma haɗarinta. Kan maganar zai ce ranar farko a sabuwar makaranta, a minti na 20 sai yarinyar ta tuna wata 'yar ajinsu da aka kwantar a asibiti saboda ta yi yunƙurin halaka kanta. Ko a bar wannan a cikin shirin ko a yanke, uwar da ke tacewa ce za ta yanke shawara, da ma'aunin 'yarta da ta riga ta san labarin, ba da ma'aunin naku yaron da bai taɓa jin irinsa ba. Masu kula sukan yi gargaɗi a farkon kashin ko su rubuta a bayaninsa. Shirin da ke yin haka a kai a kai ya sami maki mai yawa a wurina, ko da batutuwansa sun fi na wani nauyi.

Kowane gida kuma da ma'auninsa. A gidan masu shirin wataƙila yaro na samun wayar kansa a shekara 10, yana kwana gidan abokai, yana mayar wa mahaifinsa magana cikin raha ana dariya. Babu wanda ya ce su ne daidai ko ku ne daidai. Amma yaro mai sauraro ba ya jin abin a matsayin tsarin gida ɗaya daga cikin dubu. Yadda yake jin sa shi ne haka kowa yake yi, mu ne kawai aka bari a baya. Idan tazarar da ke tsakanin gidanku da nasu kaɗan ce, ta zama abin hira mai amfani. Idan mai faɗi ce, kowane kashi zai ƙare da cacar baki, sai ku tambayi kanku ko kuna da ƙarfin wannan duk mako.

Talla ita ce wadda bincikenku ba zai iya kama ta gaba ɗaya ba. Iri biyu ce. Akwai wadda na'ura ke sakawa a daidai lokacin da aka kunna ko aka sauke kashin, kuma tana canzawa bisa lokaci da ƙasar da mai sauraro yake. Kashin da kuka saurara a watan jiya kuka ji tallar katifa, yau yana iya zuwa da tallar caca ko ta wani shirin labaran kisan kai, da kiɗan tsoronsa da komai. Masu shirin suna iya toshe wasu nau'o'in talla, amma ba duka ke yi ba. Ɗayar ita ce wadda mai gabatarwa ke karantawa da bakinsa, cikin muryar da yake hira da ita, har da ɗan labarin yadda kayan suka amfani iyalinsa. Kwamitin ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ya bayyana a 2004 cewa yara 'yan ƙasa da shekara 8 ba su cika gane cewa talla na neman shawo kansu ba ne. 'Yan 10 da 11 sun gane wannan a talabijin, inda talla ke da iyaka a fili. A fodkas iyakar ta dushe, musamman idan yarinyar da suke ƙauna ce da kanta ke cewa ita ma wannan take amfani da shi.

Akwai kuma yaron da ke bayan makirfo, wanda ba naku ba ne amma ya kamata ku damu da shi. Faransa ta yi doka a 2020 kan yara 'yan ƙasa da shekara 16 da ake samun kuɗi da bidiyonsu a intanet, har ta ba su damar neman a goge abin da aka ɗora. Jihar Illinois ta Amurka ta sa hannu kan tata a 2023, ta fara aiki a Yulin 2024, tana tilasta a ware wa yaron kaso daga kuɗin. Bidiyo waɗannan dokoki suka fi nufa, amma damuwar da ta haife su ta shafi murya ma: yarinya ta faɗi ranar da ta fara al'ada tana da shekara 11, maganar kuma tana nan ana iya saukewa lokacin da ta kai 17. Ku saurari yadda babban ke yi idan yaron ya ja baya. Idan ta ce "Mama, bari mana" uwar ta yi dariya ta ƙarasa labarin, to abin da ɗanku ke koya shi ne sirrin yaro abin nishaɗin jama'a ne. Idan ana kiran sunayen 'yan aji da malamai ana fallasa su, gulma ce aka ɗauka a faifai, ko da kuwa an kira ta hirar iyali. Shirin da ake jin uwa na cewa "kina so mu bar wannan a ciki?" ya koyar da abu mai daraja ba tare da ya yi lacca ba.

Ƙarshen kowane kashi ma abin dubawa ne, wurin da ake cewa ku biyo mu a Instagram ko TikTok. Waɗannan shafuka shekara 13 suka sa a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe asusu, adadin da ya samo asali daga dokar Amurka ta 1998 kan tattara bayanan yara a intanet. Shirin da ke cewa na 'yan 9 zuwa 12 ne amma yana ta kiransu zuwa inda ba a yarda su shiga ba, ya saka ku a tsaka mai wuya. Idan kuma shirin yana da bidiyo a YouTube, sautin ya fi aminci: babu jerin wasu bidiyoyin a gefe suna kiran yaro, babu sharhin baƙi a ƙasa. Wanda dole sai ya kalla, akwai asusun da iyaye ke sa wa ido da YouTube ya fito da shi a 2021 saboda yara masu waɗannan shekaru.

Shekara nawa?

Ga 'yan 6 zuwa 8, amsata a'a ce, sai dai wani kashi guda da kuka zaɓa da hannunku. Kamar sa wa ƙani takalmin yayansa ne: ƙafar za ta shiga, tafiyar ce ba za ta yi daɗi ba. Ba maganar jiki ce ta fi damuna ba. Idan 'yar shekara 6 ta ɗago daga kujerar baya ta ce "Mama, mene ne al'ada?", jumla biyu masu sauƙi sun wadatar, ta koma wasanta. Abin da ke maƙalewa shi ne na tsoro: mai satar yara ta intanet, yaron da ya mutu, iyayen da suka rabu. Ƙaramin yaro guntu-guntu yake tsinta, ba ya riƙe bayanin da ya biyo baya mai kwantar da hankali, kuma tunda babu hoto, zuciyarsa ce ke zana masa, ta kuwa iya zane. Akwai kuma wata asara ta daban, wato a cusa wa ɗan shekara 7 damuwar da bai kai ba. Bai taɓa tunanin ko yana da farin jini a aji ba sai da ya ji ana lissafa masu shi da marasa shi.

Wannan ya sa a sauraron mota ko na falo, mafi ƙanƙantar kunne a wurin shi ke yanke abin da za a kunna, ba wanda ya nemi a kunna ba. Yayar za ta ji haushi, kuma tana da gaskiya. Sai a nema mata wani lokacin nata.

'Yan 9 da 10 su ne suka fi cin riba idan tare ake sauraro kuma ku kuka zaɓi kashin. Suna bakin ƙofar abubuwan da ake faɗa, ba su kuma kai shekarun da zama kusa da iyaye ke zame musu abin kunya ba. A nan ne nake ganin jin abu da wuri kaɗan ya fi jin sa a makare. Yarinyar da jikinta ya fara canzawa a shekara 8 ma tana buƙatar bayani yanzu, ba sai ta cika 10 ba. Amma daga bakinku ya kamata ta fara ji, shirin ya zo daga baya ya nuna mata ba ita kaɗai ba ce.

'Yan 11 da 12 za su iya sauraro su kaɗai, idan shiri ne da kuka riga kuka san halinsa. A gaskiya wasu kashin ma gara su ji su kaɗai. Ɗan shekara 12 ba zai ji komai daga hirar mafarkin balaga ba idan mahaifiyarsa na gefe, duk hankalinsa zai tafi kan yadda zai ɓace daga ɗakin. Ku tura masa kashin ku ba shi wuri. Bayan kwana biyu kuna iya cewa kun ji shi ku ma, wani wuri ya ba ku dariya, ku yi shiru. Idan kuka mai da abin jarrabawa, "to me ka koya?", kun kashe shirin a wurinsa.

Shekaru dai ma'auni ne na kusa-kusa. Akwai ɗan 9 da zai ji labarin cin zali ya ɗaga kafaɗa, akwai 'yar 12 da za ta kwana tana juya shi tana tunanin gobe ita ce. Yaro mai yawan damuwa, ko wanda abin da ake faɗa yake cikinsa tsundum a yanzu, misali iyayensa na tsakiyar rabuwa, a rage masa shekara ɗaya ko biyu a lissafin nan, ko a zauna kusa da shi.

Sifika ko iyafis

Ban da kashin da aka ce gara yaro ya ji shi kaɗai, sifika ta fi ta kowace fuska: kuna jin abin da ya ji, kuna iya dakatarwa, kunnensa kuma ya huta. Ƙa'idar sauraro da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar ta ba manya desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) na awa 40 a mako, yara kuwa desibel 75 na awa 40. Magana ba ta kai kiɗa ƙara ba, amma a wuri mai hayaniya yaro yakan yi ta ƙara sauti don kada kalma ta wuce shi. Yawancin wayoyi suna da wurin kayyade ƙarar iyafis, ku saita shi sau ɗaya ku huta. Da dare kuma a kashe tsarin da ke kunna kashi na gaba da kansa, a sa agogon da ke tsayar da sauti. Masana barci sun ce 'yan 6 zuwa 12 na buƙatar awa 9 zuwa 12, kuma hirar rikicin ƙawaye ba abin da zai sa 'yar shekara 11 barci ba ne. Labari ya fi dacewa da wannan lokacin.

Yadda za ku auna shirin da ke gabanku

Ba sai kun saurari kashi ɗari ba. Uku sun isa a san hali: na farko, na baya-bayan nan, da wanda kan maganarsa ya fi tayar muku da hankali. Na farko da na ƙarshe za su nuna nisan da yaron ya yi. Na ukun zai nuna yadda babban ke riƙe magana mai zafi, ko yana ba da bayani na gaskiya, ko yana cewa a nemi wani babba da aka yarda da shi, ko kuwa yana jan labarin ne don ya yi armashi. Kada ku tsallake tallar, kada kuma ku tashi kafin minti na ƙarshe. Idan lokaci ya yi ƙaranci, tun 2024 Apple Podcasts na fitar da rubutaccen abin da aka faɗa a shirye-shiryen wasu harsuna, ciki har da Ingilishi da Faransanci, ana iya neman kalma a ciki. Ƙungiyar Common Sense Media ta Amurka, wadda aka kafa a 2003, tana bitar wasu shirye-shiryen tana ba su shekaru, sai dai ƙananan shirye-shiryen da iyali ke ɗauka a gida ba kasafai suke shiga jerinta ba. Taurarin da masu sauraro ke bayarwa kuwa yawanci manya ne suka danna su, daɗin da su suka ji suke faɗa.

Idan shirin ya tsallake wannan gwaji, kada ku danna wa yaron maɓallin bin shirin a wayarsa. Ku sauke kashin da kuka yarda da su, ku jera masa. Saukewar tana da wata fa'ida: tallar da ta shigo lokacin da kuka sauke galibi ita ce za ta zauna a wannan kwafin, don haka abin da kuka ji shi zai ji. Bayan 'yan watanni ku sake leƙa sababbin.

Ba jimawa kuma zai zo da buƙatar da ba ku shirya mata ba: yana so ya aika saƙon murya, tunda yawancin waɗannan shirye-shirye na gayyatar masu sauraro su turo tambaya. Babu laifi, jin muryarsa a shiri abu ne da zai daɗe yana tunawa. Amma ta adireshinku za a aika, sunan farko kawai ko ma laƙabi, ba sunan makaranta, ba na unguwa, ba na abokin da suka ɓata. Ku saurari saƙon tare kafin a tura, ku tambaye shi ko zai ji daɗi idan 'yan ajinsu suka gane muryar. Idan ya yi jim, a mai da tambayar rubutacciya, mai gabatarwa ya karanta ta da bakinsa.